Zalɓen da Delia Ta Ɗinka

Tun da Delia Ruane ta shigo gidan Malachy tana amarya, ba ta taɓa ganin faretin ranar Waliyyi Patrick, babban bikin ƙasarsu, da idonta ba. Ba don ba ta so ba. Ranar tana faɗowa ne a tsakiyar watan Maris, daidai lokacin da tumakinsu ke zuba haihuwa ba dare ba rana, Malachy kuwa shi ne mai babbar ganga a ƙungiyar makaɗan ƙauyensu, Carrowbeg. Da an fito daga coci sai ya rataya gangarsa ya bi abokansa zuwa fareti a garin Ballina, ita kuma ta zura takalmin roba ta shiga garke. Da yamma ya dawo da ɗan ƙanshin giya a bakinsa yana zuba mata labari, tana wanke hannu da ruwan zafi tana cewa, "To, madalla." A haka aka yi ta tafiya, har 'ya'yansu suka girma suka tafi neman abinci Ostareliya, har ciwon gwiwa ya raba Malachy da ganga.

Abin da ya sauya bana, wani zalɓe ne.

Da shigowar sanyi wasu matasa 'yan wasa na Ballina suka sami gayyatar shiga faretin Dublin, babban birnin ƙasar. Shugabansu, wani dogon yaro mai gemu da ake kira Ultan, ya ƙudura sai sun kai zalɓen da ya kai gidan sama tsawo, wanda mutane za su ɗauka da sanduna yana tafiya yana kaɗa fiffike. Ƙashin jikinsa da tsumagu suka saƙa, amma gashin sai tela. Delia kuwa ita ke ɗinka wa rabin ƙauyen labule da rigunan biki, don haka aka nemo ta. Ba kuɗi a ciki, sai shayi da biskit da na gode. Duk da haka ta ɗauki keken ɗinkinta aka kai mata wani tsohon sito a bakin kogi, ta yi watanni tana yanka tsofaffin tantuna da filafilan jiragen ruwa, wato yadin nan da iska ke turawa, tana ɗinka gashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne tsawon hannunta, har yatsunta suka yi kanta.

Sai dai rufin siton gajere ne. Wuyan tsuntsun yana kwance a gefe guda, fikafikan a jingine da bango, kan kuwa an rufe shi da leda a ƙarƙashin tebur. Ba wanda zai gan shi a tsaye sai an haɗa shi a Dublin, a safiyar fareti.

Ranar da ta sa zaren ƙarshe ta ce wa Ultan, "Motar taku akwai wurin tsohuwa ɗaya?"

Ultan ya sosa gemu, kunya ta kama shi. "Inna Delia, tsakanina da Allah har a kan ganguna wasu za su zauna. Masu motar kuma sun ce ban da 'yan wasa ba sa ɗaukar kowa. Amma zan ɗauko miki hoto a waya, mai kyau."

"Hoto," in ji Delia. Ta rufe kekenta.

Washegari da safe, Malachy na shan shayi, ta ajiye masa burodi ta ce, "Zan je Dublin ranar Patrick."

Ya ɗago kai ya dube ta kamar ta ce za ta hau wata. "Dublin? Ke matar nan, me kika ajiye a Dublin? Ai a talabijin ma za ki fi gani, ga wuta ga kujera."

"Talabijin ɗin da ke nuna abu kafin ka sa tabarau an wuce? Ni na ɗinka tsuntsun nan, Malachy. Sai na gan shi a tsaye."

"Da wane kuɗin? Kin san kuɗin da ke cikin gwangwani na abincin tumaki ne da likitan dabbobi."

"Na ce maka zan taɓa shi?"

"To tumakin fa?"

"Kai ne mai su. Shekarun nan duka wa ya tambayi mai ganga tumakin fa?"

Sai ya cika bakinsa da burodi.

Delia ta san ba a fafe gora ranar tafiya. Ta fara da wurin kwana. Ta buga waya masauki uku a Dublin, na ukun da yarinyar da ta ɗauki wayar ta faɗi kuɗin kwana ɗaya, Delia ta ce, "'Yar nan, ɗaki na tambaya, ba gidan gaba ɗaya ba." Kuɗin ya isa sayen tunkiya da ɗanta. Ta ajiye wayar, ta zauna tana tunani, sai ta tuna da Cliona, 'yar ƙanenta, wadda ke aikin jinya a wani asibitin birnin.

"Gwaggo, ai kin zo a daidai," in ji Cliona. "Aikin kwana nake a satin nan, gadona ba kowa. Amma fa ki sani, ɗakin in kin miƙa hannu za ki taɓa bango biyu."

"Ba rawa zan je yi a ciki ba."

Wurin kwana ya samu. Saura kuɗin jirgin ƙasa, zuwa da dawowa, kuma nan ne gizo ke saƙar. 'Yan kuɗin ɗinkinta sun tafi wajen gyaran injin ɗumama gida tun watan Janairu. 'Ya'yanta kuwa, da ta buga waya ɗaya da sun aiko, amma Delia ba ta roƙon ɗa kuɗin yawo. Ta kwana biyu tana juya abin a ranta. Rana ta uku tana share ƙura a bayan agogon bango, hannunta ya faɗa kan katin da gwamnati ke ba tsofaffi na shiga mota da jirgi kyauta. Na Malachy ne, tun da ya zo bai taɓa amfani da shi ba, wai shi ba ya zuwa ko'ina. Ita shekarunta ba su kai a ba ta nata ba. Amma kowa ya sani, mai katin nan in zai yi tafiya, matarsa na shiga kyauta a gefensa.

Ta same shi a garke yana zuba wa tumaki dusa. Ta ɗaga katin.

"Shirya, da kai za mu."

"Ni? Ni na ce miki ina son ganin tsuntsu?"

"Ba don ka ga tsuntsu ba ne, tsoho. Kai ne tikitina. Ka zauna kusa da ni ka yi shiru, iyakar aikinka ke nan."

Malachy ya yi dariya har da tari. Da ya ga fuskarta ba wasa, dariyar ta tsaya. "To in mun tafi mu biyu, wa zai kwana da waɗannan? Ga su nan cikinsu kamar zai fashe."

"Fintan."

Malachy ya daina zuba dusar.

Fintan ƙanen Malachy ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune shi kaɗai a bayan tudu, bai taɓa aure ba. Wasu shekaru da suka wuce sun haɗa kuɗi sun sayi wani ƙaton rago na barbara. Malachy ya kai shi kasuwa ya sayar ba shawara, wai ya sami farashin da ba a bari ya wuce. Ya aika wa Fintan rabonsa, Fintan ya mayar masa da shi ta hannun mai kai wasiƙa. Tun daga ranar, ko a coci suka haɗu sai dai kowa ya dubi takalminsa.

"Ƙafarsa ba za ta taka garkena ba," in ji Malachy.

"Garkenmu," in ji Delia, ta juya ta fita.

Da la'asar ta naɗe burodi mai zafi a tsumma, ta haura tudun da ƙafa cikin yayyafi. Ta tarar da Fintan yana gyaran shinge, karensa na kwance a gefe.

"A'a, matar Yaya! Yau wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, sai dai zumunci. Karɓi, kada ya huce."

Ya karɓa ya shinshina. "Burodin nan da magana a cikinsa. Faɗi."

Ta faɗa masa komai ba kwana-kwana. Tumakinsa na kan dutse ne, ba sa haihuwa sai Afrilu, don haka yana da sarari, kuma ta san ya san ta sani. Fintan ya saurara yana gutsurar burodin.

"Ya zo da ƙafarsa ya roƙe ni."

"Ba zai zo ba, kai ma ka san halinku. Taurin kai a nono kuka sha shi. Amma dube ni da kyau, Fintan. Ni na sayar maka da rago?"

"A'a."

"Wa ya yi jinyar mahaifiyarku har ta cika?"

Ya sunkuyar da kai. "Ke ce."

"To tun da nake a gidanku na taɓa hauro tudun nan da roƙo? Yau na hauro. Kwana ɗaya da wuni biyu nake nema."

Fintan ya ja dogon numfashi, ya jefa wa kare ɓawon burodi. "Ai ko na yarda, sai mai tumaki ya nuna mini su. Wacce ke wahalar haihuwa, wacce ke ƙin ɗanta."

"Ni zan nuna maka. Ni na san su. Shi ganga ya sani."

Dariya ta ƙwace wa Fintan, irin wadda ya daɗe bai yi ba. "Kai, Yaya ya auro wa kansa hukuma! Shi ke nan, zan zo. Amma a garke zan tsaya, ba na shiga gida in yana ciki."

"Ko a kan rufi za ka tsaya, kai ka sani."

Da ta koma ta gaya wa Malachy, ya ce shi fa ba inda za shi. Ba ta yi musu da shi ba. Ta ci gaba da shiri kamar ba ta ji ba. Ta goge masa kwat ɗinsa ta zuwa coci ta rataye a inda zai riƙa gani. Ta gasa burodi, ta dafa ƙwai, ta yanka cuku, don ta ji labarin abin da ake sayar da kofin shayi a Dublin ranar biki. Ta bi gindin shinge ta tsinko ɗanyen shamrok, ɗan ganyen nan mai kunne uku da kowa ke sawa ranar bikin, ta sa shi a jiƙaƙƙen tsumma kada ya yi yaushi kafin a maƙala a ƙirji. Cliona ta ce akwai kujeru masu tudu da ake sayarwa a bakin hanya, amma kuɗinsu sai baƙi 'yan Amurka. Delia kuwa gajeriya ce, in ta tsaya a bayan mutane sai dai ta ƙirga ƙeya. Sai ta samo wani akwatin roba na kwalaben madara, ta wanke shi, ta kife a tsakiyar kicin, ta hau ta sauka ta sake hawa.

Malachy na kallonta ta saman jarida. "In kika faɗo kika karye, ba ni ba jinya."

"Shi ya sa za ka tsaya a bayana ka riƙe mini riga."

"Na ce miki ba ni zuwa."

"Na ji."

Ranar jajibiri da sassafe Fintan ya iso. Delia ta zagaya da shi garke, ta nuna masa tumakin da suka kusa, da inda madarar gari take, da kwalbar maganin cibiya. Sannan ta shiga gida ta yi wanka, ta sa koriyar rigar sanyinta mai kyau wadda ba ta sawa sai biki, ta ɗauki jaka a hannu ɗaya, akwatin roba a ɗayan. Malachy na zaune bakin murhu da kayan aiki a jikinsa.

"Ni na tafi."

"Da me? Ba ki iya mota ba, ba ki da tikiti."

"Ina da ƙafa. Zan kai babban titi in ɗaga hannu. In mota ba ta tsaya ba, babbar mota ta tsaya. Dublin dai ba ta gudu."

Ta fito tsakar gida ke nan sai muryar Fintan ta taso daga garke. "Matar Yaya! Zo ki riƙe mini wannan, ɗan ta baya ya taho!"

Delia ta isa ƙofar garken. Ga tunkiyar kwance tana nishi, ga Fintan a durƙushe ya naɗe hannun riga. Jikinta ya riga hankalinta, har ta ajiye jaka, yatsunta sun kai kan maɓallin farko. Sai ta tsaya. Ta san in ta cire rigar nan yau, ba za ta sake sa ta ba. Bayan wannan tunkiya akwai wata, bayan ita akwai wata, haka shekarun suka tafi.

Ta mayar da hannunta. Ta juya ta fuskanci gidan, ta ɗaga murya. "Malachy Ruane! Tunkiyarka za ta mutu. Ni kuwa ba na cire rigar nan."

Ba a jima ba ya fito yana ɗingishi. Ya wuce ta bai dube ta ba, ya durƙusa da ƙyar a gaban tunkiyar, ya rungume kanta da ƙafafunta na gaba. 'Yan'uwan ba wanda ya kalli wani. Delia na tsaye a bakin ƙofa, hannayenta cikin aljihu don kada su ci amanarta.

"Danne ta sosai," in ji Fintan.

"Na danne. Ka sami ƙafar?"

"Ɗaya. Ɗayar ta lanƙwashe. Tsaya... yawwa."

Ya jawo ɗan a hankali, sannan da sauri. Ya fito shame-shame ba motsi. Fintan ya share masa hanci, ya soka masa tsinken ciyawa, ya murza haƙarƙarinsa. Can sai ɗan ya yi atishawa, ya girgiza kunne. Uwar ta juyo tana lasarsa.

Malachy ya dafa bango ya miƙe. Ya ce, yana kallon tunkiyar, "Hannun naka bai mutu ba."

"Je ka wanke jiki, Yaya, kana wari. Baiwar Allah na tsaye tana jiranka."

Haka aka yi. Malachy ya sa kwat, ya tayar da tsohuwar motarsu, suka isa tashar Ballina jirgi na shirin rufe ƙofa. Ya nuna katinsa yana ɗaure fuska, aka ba su tikiti biyu ba ko sisi. Da suka zauna Delia ta ɗora akwatin a cinyarta, ta dubi filaye na gudu da baya, ta ji wani sanyi a ranta wanda ta manta da irinsa.

Ɗakin Cliona kuwa ba ta yi ƙarya ba. Delia ta kwana a gadon, Malachy a kujera, ƙafarsa mai ciwo a kan akwatin madara. Gari na wayewa suka je coci mafi kusa, kowa da shamrok ɗinsa a ƙirji, daga nan suka nufi titin O'Connell, inda faretin zai bi, tun kafin a cika. Duk da sammakon, wasu sun riga su, har da masu tsani. Suka sami wuri a sahu na uku. Delia ta kife akwatinta ta hau, Malachy ya kama mata gefen riga ba tare da an tuna masa ba.

Aka daɗe ana jira. Ruwa ya sauko ya ɗauke ya sake saukowa. Titi ya cika maƙil, ko'ina kore, huluna da fentin fuska da tutoci. Da faretin ya fara, sojoji suka wuce, 'yan kwana-kwana suka wuce, sai ƙungiyoyin makaɗa daga ƙetare da ƙahoninsu masu walƙiya. Nan fa Malachy ya farfaɗo.

"Dubi wancan, yana dukan ganga kamar mai kakkaɓe katifa! Amma na bayansa ya iya. Kin ji? Wannan yaron ya iya."

"Ka ce ba ka zuwa."

"Ke dai kalli gabanki."

A gefensu akwai wata yarinya mai tsohon ciki tare da mijinta. Tun ɗazu Delia ke lura da ita, tana sauya ƙafa tana dafa ƙugu. Can sai ta ga fuskar yarinyar ta yi fari fat, idanunta na juyawa, ta sulale jikin mijin. Mijin ya rikice yana ta kiran sunanta, ga mutane sun matse ba wurin zama. Delia ba ta san lokacin da ta diro ba. Ta tura akwatin ƙarƙashin yarinyar, ta zaunar da ita, ta sunkuyar mata da kai, ta kwance mata gyale.

"Ku ja baya ta sha iska! Kai kuma bar ihu, buɗe jakar nan ka zuba mata shayi, da sukari a ciki."

Tana durƙushe tana ba yarinyar shayi a baki sai ta ji titin ya ɗauki wata irin sowa, yara na ta ihu. Malachy ya girgiza kafaɗarta.

"Delia! Delia, ga shi nan!"

Ba ta iya sakin kofin ba sai da yarinyar ta haɗiye. Kafin ta miƙe, laimomi da wayoyi da yaran da aka ɗora a wuya sun toshe ko'ina. Ta yi ɗage iya ƙarfinta. Abin da ta gani bai wuce tsinin baki mai ruwan ɗorawa yana lilo can sama ba, sai kuma ƙeyar wani abu toka-toka yana nisa, yana nufar gada.

Ma'aikatan agaji suka iso suka karɓi yarinyar, har ta fara murmushi tana godiya. Malachy ya dubi matarsa.

"To, ai kin ɗan gani," ya ce a hankali.

"Baki na gani. Ban yi wata da watanni ina ɗinki don in ga baki ba. Ina faretin nan yake ƙarewa?"

"Can wajen babban cocin Patrick, bayan kogi."

"Za mu riga shi?"

Malachy ya karkata kai yana sauraren gangunan, kamar manomi na duban hadari. "Fareti tafiyar hawainiya yake yi. Kowace kwana sai ya tsaya, na gaba su yi wasa, na baya su jira. In muka bi ta lungu muka haye ta wata gadar, za mu riga shi. In dai ƙafar nan ta yarda."

"Za ta yarda."

Suka bar akwatin a ƙarƙashin mai ciki, suka kutsa ta baya. Fita daga cikin taron ma aiki ne. Delia na gaba tana "gafara dai, gafara dai," tana ture manyan mutane da gwiwar hannu, Malachy na biye. Suka faɗa wani lungu, suka ɓulla wani, suka tarar an tare hanya da shingen ƙarfe, suka koma suka sake wata. Takalmin bikinta ya fara cin dunduniyarta. A tsakiyar gadar da suka samu a buɗe, Malachy ya kama ƙarfen gefe ya tsaya yana haki, gumi na zuba duk da sanyin.

"Je ki, Delia. Je ki, zan same ki."

"A garin nan? In na ɓatar da kai da me zan koma gida? Kawo hannunka."

Ta ɗora hannunsa a kafaɗarta, ita da ko ƙirjinsa ba ta kai ba, suka ci gaba, taki ɗaya nata, ɗaya nasa. Hanyar ta haura tudu. Suna jin kiɗan wani lokaci a hagunsu, wani lokaci kamar a gabansu, duk sanda ya yi kamar ya wuce sai Delia ta ƙara sauri, Malachy ya ce, "Ba su ba ne, waɗannan na gaba ne."

Kusa da ƙarshen hanya mutane sun ragu, da yawa sun gudu neman mafaka. Suka sami matakalar wani rufaffen kanti, suka hau ta sama. Daga nan titin a miƙe yake, ba abin da ya tare. Wata ƙungiyar 'yan rawa ta wuce a gajiye, fentinsu ya zuba. Sai aka ɗan sami tazara.

Sannan zalɓen ya karyo kwana.

Delia ta san kowane gashi a jikinsa, amma ba ta san shi ba. Ya taho ta tsakiyar titi, kansa daidai tagogin bene, yana ɗaga dogayen ƙafafu ɗaya bayan ɗaya kamar mai taka ruwa. Ruwan sama ya jiƙa gashin ya yi duhu, ya kwanta kamar na tsuntsun gaske. Wuyan ya lanƙwashe, ya miƙe, kan ya juya yana leƙen mutane. Yaran Ultan na ƙarƙashinsa da sanduna, sun jiƙe sharkaf, ba wanda ya ɗago ya gan ta. Daidai gabanta iska ta taso daga wajen kogi, suka buɗe fikafikan. Suka cika titin daga wannan gefe zuwa wancan, fararen gashin ciki da ta ɗinka da tsofaffin filafilai suna kaɗawa gaba ɗaya da wata ƙara kamar ta shanya.

Ba ta yi tafi ba, ba ta yi ihu ba. Ta tsaya ne kawai, hannu a baki, tana bin sa da ido har ya wuce, har ya kai inda ake sauke kaya.

A gefensu wani baƙo ne tsaye da kyamara, da gani daga nesa ya zo. Malachy ya taɓa shi, ya nuna tsuntsun, ya nuna Delia. "Matata ce ta ɗinka shi. Ita ɗin nan. Da hannunta."

Baƙon bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya ɗauki hoton Malachy.

Suka zauna a kan matakalar. Delia ta cire takalmi, ta ga dunduniyar ta ɗuri ruwa ta fashe. Ta fito da ƙwai da sauran burodi, suka ci a nan, mutane na watsewa a gabansu. Shayi kuwa babu, mai ciki ta shanye.

Malachy ya kakkaɓe hannu, ya laluba aljihun kwat. "Tashi, akwai wani ɗan shago can. Yau ni zan saya miki shayi, kome tsadarsa."

"Kai? Lallai yau biki ne."

Ya taimaka mata ta mayar da takalmin, ta taimaka masa ya miƙe. Sun ɗan taka kaɗan sai ya yi gyaran murya.

"Amma fa, kada ki ce na faɗa, kamar fiffiken hagu ya ɗan fi na dama sauka."

"Iska ce," in ji Delia.

"Iska ce," in ji Malachy, ya tura mata ƙofar shagon.